Ma'anar entirofi a ilimin sadarwa

Ɗaliban kimiyya da injiniyanci a manyan makarantun Kaduna da Zariya kan haɗu da kalmar entirofi sau biyu, wato a darasin zafi da makamashi, sannan a darasin sadarwa, kuma da yawansu kan haddace cewa ita ce ma'aunin hargitsi su wuce wurin. Wannan bayani bai wadatar ba, musamman a fannin sadarwa, inda kalmar take da ma'ana takamaimai da ake lissafawa da alƙalami.

A ilimin sadarwa, entirofi shi ne gwargwadon rashin tabbas da mai sauraro yake ciki kafin saƙo ya iso gare shi. Idan wani ya kira ka daga Kawo a tsakiyar Janairu, hunturu na kaɗawa, ya ce yau ba a yi ruwa ba, bai ƙara maka komai ba, domin ka san amsar tun kafin ya buɗe baki. Amma a watan Mayu, lokacin da damina take shigowa kuma hadari kan haɗu ya watse, wannan amsa tana da nauyi. Idan yiwuwar ruwa da rashinsa sun yi daidai, rabi da rabi, amsar tana ɗauke da bit 1, wanda shi ne ma'aunin bayani. Idan kuwa sau tara cikin goma amsar ɗaya ce, matsakaicin bayanin yakan sauka zuwa kusan bit 0.47, kuma idan amsar ta tabbata, entirofi ya zama sifili. Abu takwas masu yiwuwa daidai suna da bit 3, saboda tambayoyi uku na e ko a'a sun isa a gano ɗaya daga cikinsu, muddin kowace tambaya tana raba abin da ya rage gida biyu. Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce a auna mamakin kowane sakamako da logaridim na yiwuwarsa, wato lissafin da ke sa mamaki ya ƙaru gwargwadon yadda yiwuwar abu ta ragu, sannan a ɗauki matsakaici bisa yawan faruwar kowanne.

Claude Shannon, masanin lissafi ɗan Amurka da ke aiki a ɗakunan bincike na kamfanin Bell, shi ya kafa wannan ma'auni a wata maƙala ta shekarar 1948. Abin da ya fi wahalar karɓa a aikinsa shi ne ya ajiye ma'anar saƙo gefe ɗaya da gangan. A wurinsa, jerin haruffan da aka watsa barkatai ya fi baitin waƙa mai hikima yawan entirofi, tun da ba a iya hasashen harafi na gaba. Wasu na ganin wannan naƙasu ne, amma a ganina shi ne ƙarfin nazarin, domin waya ba ta da ruwa da hikimar abin da take ɗauka, yawansa kawai ya dame ta.

Rubutun Hausa ma yana nuna haka. Harafin "a" ya fi kowane harafi yawa, kuma galibin gaɓoɓinmu baƙi ne da wasali, saboda haka wasula da dama ana iya cankarsu. Shi ya sa matasa ke rubuta "slm" da "ykk" da "lfy" a WhatsApp kuma a fahimce su sarai: sun zubar da abin da ba ya ɗauke da sabon bayani. A 1951 Shannon ya ƙiyasta cewa kowane harafin Ingilishi yana ɗauke da abin da bai yi nisa da bit 1 ba, alhali da haruffan suna zuwa barkatai da zai kai kusan 4.7. Wannan ya dace da ka'idarsa ta farko ta 1948, wadda ta ce ana iya matse saƙo har zuwa entirofinsa, amma ba a iya wuce nan ba tare da asarar wani abu ba. David Huffman ya samar da hanyar yin hakan a 1952, inda alamomin da suka fi yawa ke samun gajerun lambobi.

Ka'ida ta biyu ta fi ban mamaki. Kowace kafar sadarwa, ko waya ce ko iska, tana da hayaniyar da ke gurɓata saƙo, kuma tana da iyakar bit nawa za ta iya ɗauka a daƙiƙa. Shannon ya tabbatar da cewa muddin ba a haura wannan iyaka ba, ana iya rage kuskure ya yi ƙanƙanta yadda ake so, sai dai bai nuna yadda za a gina tsarin a aikace ba. Injiniyoyi sun shafe kusan shekara 45 kafin su matso kusa da iyakar, da wani tsarin gyaran kuskure mai suna lambobin turbo da aka fito da shi a Faransa a 1993. Fasahar 5G tana amfani da tsarin gyaran kuskure da Robert Gallager ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1960, tare da na Erdal Arıkan na Turkiyya na 2009. A nan ne aljabara mai zurfi ta shigo, domin tsarin gyaran kuskure na Reed da Solomon na 1960, wanda ke sa a iya karanta lambar QR ko da wani sashenta ya goge, an gina shi ne a kan rukunonin lambobi masu iyakataccen adadi, waɗanda ke ɗauke da sunan Évariste Galois, Bafaranshen da ya rasu a 1832 yana ɗan shekara 20.

Dangantakar wannan entirofi da na darasin zafi, wanda Rudolf Clausius ya raɗa wa suna a 1865, ba ta tsaya a kamannin lissafi ba. Rolf Landauer ya nuna a 1961 cewa goge bit ɗaya a kwamfuta dole ya fitar da wani ɗan zafi, komai ƙwarewar maƙerinta. A farkon shekarun 1970 kuma Jacob Bekenstein da Stephen Hawking suka gano cewa baƙin rami na sararin samaniya, wato wurin da ƙarfin jansa ya hana ko haske fita daga cikinsa, yana da entirofi, kuma yana ƙaruwa ne da faɗin farfajiyarsa, ba da girman cikinsa ba. Har yau masana na muhawara a kan inda bayanin abin da ya faɗa ciki yake tafiya idan ramin ya yi ta fitar da zafi a hankali har ya ƙare.

Ko a nan duniya akwai tambayar da ta gagara. Shannon ya warware batun mai aikawa ɗaya da mai karɓa ɗaya, amma idan masu aikawa biyu suna magana da masu karɓa biyu a kafa ɗaya, saƙon kowanne yana zame wa ɗayan hayaniya, kamar yadda yake faruwa tsakanin wayoyin da ke cunkushe a Kasuwar Barci, an san iyakar ne a wasu yanayi na musamman kawai, kuma cikakkiyar amsar tana nan a buɗe tun shekarun 1970.