Takalmin Zomo a Tsakar Gidan Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Wane fure ne wannan?

Duba tambarin Najeriya da kyau, daidai inda fararen dawakin nan biyu suka taka ƙafa, za ka ga furanni cikin ciyawa. Su ne takalmin zomo, wanda masana tsirrai ke kira Costus spectabilis. A tambarin, da aka soma aiki da shi a 1960, jajaye aka zana su, amma na gaske ruwan ɗorawa ne mai haske. Tsiron daji ne, yana fitowa a gindin itatuwa da tsakanin duwatsu da zarar ruwan farko ya sauka. Ganyensa huɗu ne faffaɗa, kwance a ƙasa, furen na ɓullowa daga tsakiyarsu. Saiwarsa kamar ta citta take, kuma ita ce ke rayuwa shekara da shekaru.

Zai yi a Legas kuwa, da wannan ruwa namu?

Zai yi, amma ruwan ne babban abin tsoro. Mu da muka taso a Arewa mun saba cewa ƙishirwa ce ke kashe shuka, shi ya sa hannunmu ke saurin kai wa ga bokiti. A nan lamarin ya sha bamban. Daga Afrilu zuwa Yuli sama ba ta hutawa, musamman a Yuni, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Saiwar da ta kwana biyu cikin ruwan da ya kwanta, ruɓewa take yi. Don haka ban ba wa kowa shawarar shuka shi a ƙasa kai tsaye ba, balle a unguwar da kwata ke ambaliya. A samo tukunya mai faɗi, a huda gindinta sosai, a ɗora ta kan bulo. A haɗa yashi mai tsakuwa da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a ɗan zuba dakakken gawayi. Kada a binne saiwar da zurfi, gaɓar yatsa biyu ta isa.

Rana yake so ko inuwa?

Hantsi kaɗan, sai inuwa da azahar. Gefen baranda ya dace.

Ganyen nawa ya yi rawaya ya bushe a Nuwamba. Ya mutu ke nan?

A'a, ɗan'uwa, barci yake yi. A nan ne mutane ke yin asarar da ke ba ni takaici: wani ya juye tukunyar a bola, wani kuma ya dinga ɗura mata ruwa safe da yamma don ya farfaɗo da ita, har saiwar ta narke. Idan rani ya shigo, a daina ban ruwa, a ja tukunyar inda yayyafi ba ya kai wa, a ƙyale ta. Wajen Maris ko Afrilu a fito da ita, a jiƙa ƙasar kaɗan. Kowane fure ba ya daɗewa, amma wani na faɗuwa wani na buɗewa.

Me ke cin ganyen da dare?

Yawanci dodon koɗi ne, tunda ganyen a ƙasa yake. A haska tocila bayan isha'i a tsince su da hannu.

Ina zan samu iri?

A tambayi masu sayar da furanni a bakin titi, wajen Ikoyi ko Ikeja, ko a saƙa wa ɗan'uwa mai zuwa daga gida ya taho da guntun saiwa a naɗe cikin takarda, ba leda ba. Ina roƙon mai haƙa ya ɗauki kaɗan ya bar saura a wurinsa. Idan tukunya ta cika, a ƙarshen rani sai a raba saiwar, kowane yanki da idonsa, a bar yankan ya sha iska kwana ɗaya kafin a binne.