Ma'anar "Shirun Järvenpää" a Tarihin Kiɗan Turai

Idan masana kiɗan Turai suka ce "Shirun Järvenpää", suna nufin kimanin shekaru 30 na ƙarshen rayuwar Jean Sibelius, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Finland, waɗanda bai fitar da wani sabon babban aiki a cikinsu ba. Järvenpää gari ne a arewa da birnin Helsinki, kuma a nan ya zauna tun 1904 a gidansa mai suna Ainola, wanda aka raɗa wa sunan matarsa Aino.

An haifi Sibelius a 1865, lokacin da ƙasarsa ke ƙarƙashin mulkin Rasha, kuma kiɗansa mai suna Finlandia na 1899 ya zama abin alfahari ga masu fafutukar neman 'yancin kai. Ya tsara simfoni bakwai, wato dogon kiɗa da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa, ya kammala na bakwai a 1924, sannan ya fitar da wani kiɗa mai suna Tapiola a 1926. Daga nan sai tsit, har ya rasu ranar 20 ga Satumba, 1957, yana da shekara 91.

Sai dai duk wanda ya ɗauka cewa mutumin ya naɗe hannu ne kawai bai yi masa adalci ba. Ya shafe shekaru yana fama da simfoni na takwas, har ya yi wa Serge Koussevitzky, jagoran ƙungiyar makaɗan birnin Boston a Amurka, alkawarin kawo shi, amma kullum sai ya ɗage ranar. Rawar hannu ta addabe shi, shan barasa ma ya daɗe yana damun sa, amma a ganina abin da ya fi ɗaure shi shi ne tsananin binciken kansa, domin bai yarda ya miƙa wa duniya abin da ya gaza na bakwai ba, alhali duniyar ta zuba masa ido. A shekarun 1940 ya tattara takardu masu yawa ya ƙona su a murhun gidansa, kuma ana kyautata zaton na takwas ɗin na cikinsu. Matarsa ta bayyana cewa bayan haka ne hankalinsa ya kwanta.

Wasu 'yan guntayen rubutun kiɗan da suka tsira, da ake zaton na simfoni na takwas ne, waɗanda tsawonsu bai wuce kimanin minti uku ba, ƙungiyar makaɗan Helsinki ta kaɗa su a 2011 ƙarƙashin jagorancin John Storgårds.