Wasiƙa da manda: yadda kuɗin ƴan bida ke isa gida a Adar a da

Kafin zuwan salula, ta yaya ɗan Tawa da ke Abijan yake aiko wa gida kuɗi?

Hanya biyu ce: hannun ɗan gari mai komawa gida, ko manda ta gidan waya. Manda takardar biya ce, kuɗin kansu ba sa tafiya. Mai aike ya cika takarda da sunan mai karɓa da gidan wayar da za a biya shi, Tawa ko Ƙonni ko Madawa, ya zuba kuɗin tare da ladan aike, a ba shi rasit. Can gida kuma a biya daga asusun ofishin. Tun da Kodebuwa da Nijar sefa ɗaya suke kashewa, jika goma ta tashi jika goma take sauka. Mai zama Kumasi ko Legas bai samu wannan sauƙi ba, domin sidi da naira sai an yi canji, shi ya sa ya fi dogara ga ƴan kasuwa da direbobi.

Me ya hana a naɗe kuɗin cikin ambulan?

Babu shaida. Wasiƙa mai tambur kawai ba a rubuta ta a rajista, in ta ɓace ta ɓace. Ga shi ba a kai wasiƙa gida-gida: akwatin gidan waya ake sa ta, kuma ƙauye guda kan yi aron akwatin wani ɗan kasuwa ko na lakkwal. Kafin ta kai ga mai ita ta bi hannu da yawa.

To mene ne aikin wasiƙar?

Ita ce ke raba kuɗin. Bayan doguwar gaisuwa ga baba da inna da kawunnai, kowa da sunansa (a tsallake ɗaya, an ja magana), sai umarni: kaza na hatsi, kaza na lanho (haraji), kaza a ba mai ɗaki, saura a sayi tunkiya. Wanda bai iya boko ba ya biya marubucin da ke zaune ƙofar gidan waya ya rubuta da Faransanci, ko malami ya rubuta da ajami. Adireshin bayan ambulan dai sai da boko. A nan ake samun tangarɗar lissafi: tsoho da dala yake ƙirga, dala kuwa faran 5 ce. In an ce "ɗari biyu" ana nufin faran 1.000, marubuci mai gaggawa kuma ya sa 200. Masu wayo sukan sa a rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi. Da kaset ya yawaita, wasu suka koma naɗar murya, saboda mai karanta maka wasiƙa ya san sirrinka.

Ina manda ta fi maƙalewa?

A suna. An rubuta Mamane, katin shaidar mai karɓa na cewa Mahamadou, ma'aikaci ya ƙi biya. Dattijon da ba shi da kati sam sai a aika da sunan ɗa ko ƙane mai kati, amana ta koma kansa. Akwai kuma wa'adi: in sanarwar zuwan manda ta kwana a akwati har lokaci ya wuce, sai an sabunta ko kuɗin su koma wa mai aike. Wani lokaci asusun ƙaramin ofishi ne ba kuɗi, mutum ya yi tattaki daga ƙauye a ce ya dawo ranar kasuwa mai zuwa. A duk waɗannan, rasit ɗin da ke hannun mai aike, mai lamba da kwanan wata da hatimi, da shi kaɗai ake bin sawu.