Hawan keke a fadamun Fens na Ingila

Fens yanki ne na shimfiɗaɗɗiyar fadama a gabashin Ingila, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,900. Ya ratsa gundumomin Lincolnshire da Cambridgeshire da Norfolk, ya ɗan taɓa Suffolk. Koguna huɗu ne ke bi ta cikinsa su zuba a gaɓar tekun da ake kira Wash: Witham da Welland da Nene da Great Ouse. Mahaya keken kwalta sun san yankin da ƙananan hanyoyi miƙaƙƙu, marasa hawa da gangara, waɗanda mota ba ta cika bi ba. Kusan duk waɗannan hanyoyi aikin janye ruwa ne ya haife su, don haka tarihinsu da na magudanan da ke gefensu a haɗe yake.

Yadda ƙasar ta samu

Kafin ƙarni na 17, yawancin yankin ruwa ne da ciyayi da laka. Mutane na zaune a kan 'yan tuddai da ruwa ya kewaye, suna kamun kifi da tsuntsaye, suna yankan ciyawar jinka, zazzaɓin cizon sauro kuma na addabarsu. Mafi shahara a cikin tuddan shi ne na Ely, wanda tsayinsa bai wuce mita 26 daga matakin teku ba. A nan ne Hereward, wani jagoran 'yan tawayen Ingila, ya ja daga da sojojin Sarki William na ɗaya a wajen 1071, a nan kuma aka aza harsashin babbar majami'ar garin a 1083.

A 1630 Francis Russell, basaraken Bedford na huɗu, ya haɗa kai da wasu masu kuɗi don su busar da kudancin fadamar, bisa sharaɗin za a biya su da wani kaso na ƙasar da aka samu. An haƙa wani kogi miƙaƙƙe mai tsawon kusan kilomita 34 daga Earith zuwa kusa da Denver, aka kammala shi a wajen 1637, shi ne ake kira Tsohon Kogin Bedford. Bayan yaƙin basasar Ingila aikin ya sake tashi a hannun Cornelius Vermuyden, injiniya ɗan ƙasar Holan, wanda ya haƙa Sabon Kogin Bedford kafaɗa da kafaɗa da na farkon a wajen 1651. Fursunonin yaƙi 'yan Sikotilan da 'yan Holan na cikin waɗanda aka sa haƙan. Masana tarihi sun saɓa kan irin rawar da Vermuyden ya taka a zangon farko. Mazauna fadamar kuwa ba su yi na'am da aikin ba, domin abincinsu ne ake janyewa tare da ruwan, kuma sun sha fasa jinga da ƙofofin ruwa.

Filin da ke tsakanin kogunan biyu an bar shi da gangan don ya riƙa ɗaukar ambaliya. Shi ne Ouse Washes, wanda ya shiga jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar, ta kare muhimman dausayin duniya, a 1976. A ƙarshensa na arewa akwai ƙofar ruwa ta Denver, wadda aka fara ginawa a 1651, ta fashe a 1713, aka sake gina ta a wajen 1750.

Abin da masu aikin ba su hango ba shi ne halin ƙasar kanta. Baƙar ƙasar kudancin Fens ruɓaɓɓen tsiro ce da ta taru shekaru dubbai a cikin ruwa. Da zarar an raba ta da ruwa sai ta tsuke, ta ruɓe, iska ta kwashe saura. Gonaki suka dinga nutsewa har suka koma ƙasa da kogunan da aka yi don su janye musu ruwa. Dole ta sa aka koma ɗaga ruwa sama, da farko da ɗaruruwan famfunan iska, sannan da injunan tururi irin na Stretham da aka kafa a 1831, daga baya na dizal da na lantarki. A Holme, kusa da tafkin Whittlesey da aka busar a 1851, an kafa wani ginshiƙin ƙarfe a wajen wannan lokaci, kansa daidai da fuskar ƙasa. Yau ginshiƙin ya fito fili da kusan mita 4. Wurin yana ƙasa da matakin teku da kimanin mita 2.75, kuma shi ake ɗauka a matsayin ƙasa mafi kwari a Birtaniya.

Halin hanyoyin

Ƙananan hanyoyin gona na Fens da yawa asalinsu burtali ne da ake kora dabbobi ta kai zuwa makiyaya. Suna tafiya a miƙe tsawon kilomitoci, magudana a dama ko a hagu, sai kwatsam su karya kwana a inda iyakar wata tsohuwar gona ta tsaya. Wasu kuma a kan jinga aka shimfiɗa su, mahayi yana kallon kogi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen yana hango rufin gidaje a ƙasa da shi.

Nutsewar ƙasa ba ta bar kwalta ta zauna lafiya ba. Inda hanya ta bi ta kan baƙar ƙasa takan yi tudu da kwari kamar igiyar ruwa, ta tsage a tsaye, gefenta ya zame wajen magudana, musamman bayan bazarar da aka yi fari. Tsagar da motar noma ba za ta ji ba tana iya kama siririyar tayar keke, shi ya sa mahaya da yawa kan zaɓi taya mai ɗan faɗi. A kaka, motocin da ke kwasar dankali da tushen da ake yin sukari da shi kan bar taɓo a kan hanya.

Babban abin da mahayi ke fama da shi iska ce. Babu tudu, babu daji, shingen itatuwa ma kaɗan ne, don haka ba abin da ke tare ta. Mafi yawan lokaci daga kudu maso yamma take busowa. A ƙasa mai tuddai mutum yakan huta a gangara, a nan kuwa feda ba ta tsayawa, kuma wanda ya fuskanci iska zai iya shafe awa guda a ƙaramar giya a kan hanyar da ido ke gani a kwance. Al'adar da aka saba ita ce a fita ana fuskantar iska, a dawo tana turawa ta baya. Idan bazara ta zo da bushewa, iskar kan ɗebi ƙurar baƙar ƙasa ta rufe sararin sama.

Sanannun hanyoyi

Hanya mai lamba 11 ta tsarin hanyoyin keke na ƙasa, wanda ƙungiyar Sustrans ta fara shimfiɗawa a 1995, ita ce ƙashin bayan yankin. Alamarta shuɗin allo ne da lamba a cikin jan akwati. Daga wajen Bottisham, gabas da Cambridge, tana tsallaka tsofaffin magudanan da suka haɗa ƙauyukan bakin fadama da kogin Cam. An daɗe ana danganta waɗannan magudanai ga Rumawa, wasu masana kuma na ganin an haƙa su ne daga baya. Daga nan sai Wicken Fen, ɗaya daga cikin 'yan guntayen fadamar da ba a taɓa busarwa ba. Ƙungiyar National Trust, mai kula da wuraren tarihi da na halittu, ta sayi yankin farko a can a 1899, kuma an ƙidaya nau'in halittu sama da 9,000 a wurin. Mai zuwa daga kudu yakan hango majami'ar Ely tun daga nesa, tsaye a kan tudunta, abin da ya sa ake mata laƙabi da jirgin ruwan Fens.

Bayan Ely hanyar takan bi ta Little Downham zuwa gefen Ouse Washes kusa da Welney, inda dubban manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya ke sauka a lokacin hunturu, wasu daga Iceland, wasu daga arewacin Rasha. Sai ta wuce Ten Mile Bank da Denver da Downham Market, ta nufi King's Lynn. Titin da ya ratsa Washes a Welney ruwa kan rufe shi a lokacin sanyi, wani lokaci na tsawon makonni.

A arewa, wani sashe na hanya mai lamba 1 ya bi kogin Witham daga Lincoln zuwa Boston, kimanin kilomita 53, yawancinsa a kan tsohon layin dogo. Akwai kuma hanyar keke da ke gefen titin bas na musamman tsakanin Cambridge da St Ives, wanda aka buɗe a 2011. Ita ma ruwa kan hau ta a kusa da tafkunan Fen Drayton.

Zirga-zirga

Jirgin ƙasa daga Cambridge zuwa King's Lynn yana tsayawa a Waterbeach da Ely da Littleport da Downham Market, wanda ke ba mahayi damar bin iska zuwa gefe ɗaya ya dawo a jirgi. Ƙauyuka na da tazara a tsakaninsu, kuma ba kowanne ke da kanti ba.