Ganin wuta a filogi ba ya wanke taimin

Daga Mai Wurno har Gadarif a Sudan, in an sauke injin tsohon babur an ɗaure ya ƙi tashi, bakanike kan kwance filogi, ya jingina shi da jikin inji, ya buga kik. Da ya ga tartsatsi sai ya ce, "Wuta lafiya, Alhaji, kafireta ce." A wanke ta, a sake wankewa, yara su yi ta turi cikin rana.

Kafiretar da ke aiki kafin a buɗe inji ba kasafai take lalacewa a kan benci ba. Tartsatsin ya nuna akwai wuta ne kawai, bai nuna ko bawul na buɗewa a kan lokaci ba, wato taimin. A Honda C70, sai alamar T ta fulawil (faifan da ke juyawa a gefen inji) ta daidaita da tsagin jikin inji, alamar O ta kan kam (sandar da ke buɗe bawul) kuma ta daidaita da nata tsagin. In sarƙar da ke juya kam ta goce da 'yan haƙora, babur sai atishawa ta kafireta.

Sai tazarar bawul: 0.05 mm, inji a sanyaye. In an matse ta, bawul ba ya rufewa, kik ya yi sakwaf a ƙafa.