Kafin ki sayi istishwar, ki san irin zafin da gashinki yake iya ɗauka

A goman ƙarshe na azumin da ya wuce, wata uwa ta kawo 'yarta mai shekara tara ɗakin shan maganin da nake aiki a kudancin Jidda. Fatar bayan kunnen yarinyar ta yi bororo har ta saluɓe, gashin wurin kuma ya ƙanƙance ya yi ja kamar gashin masara. Uwar ta ce ta tsefe mata kai ta wanke, tana so ta miƙar da gashin kafin a kai ta gidan kitson Sallah, sai ta aro istishwar ɗin maƙwabciyarta, wato na'urar busar da gashi, irin mai buroshi a baki da maɓalli guda. Yarinyar ta yi ta cewa, "Umma, da zafi," ita kuwa ta ɗauka kukan taje ne da aka saba ji. Ban ga laifin uwar ba, domin babu wanda ya taɓa gaya mata cewa na'urar da ta dace da kan maƙwabciyarta tana iya ƙona kan 'yarta.

Na'urar busar da gashi, wadda muke kira istishwar a nan kamar yadda Larabawa suke faɗa, mutanen gida kuma su ce handiraya, ta cika shagunan Balad da Bab Sharif a nan Jidda, daga mai araha har mai tsada. Gashin yawancinmu kuwa ya bambanta da na mutanen da muke zaune a cikinsu. Silin gashi mai santsi kusan zagayayye ne, saboda haka maiƙon da fatar kai take fitarwa yana gangarowa har ƙarshensa. Namu silin a ɗan shafe yake, yana murɗewa sau da yawa, maiƙon ba ya iya bin waɗannan lanƙwasa, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni da gashin yake iya karyewa. Wannan ne ya sa gashin da ake ganin ya fi kowanne ƙarfi, mai cika da tauri, shi ne ya fi saurin bushewa da kakkaryewa idan ya haɗu da zafi.

Ya kamata a san yawan zafin da ake magana a kai. A wani bincike da likitocin fata suka yi a Koriya ta Kudu a 2011, sun auna zafin da ke isa gashi gwargwadon nisan na'urar: a tazarar santimita 15 ya kai digiri 47, a santimita 10 ya kai 61, a santimita 5 kuwa ya kai 95, wato kusan zafin tafasasshen ruwa. Na'ura ɗaya ce, nisa da tsawon lokacin busarwa kawai aka sauya, kuma ɓarnar da aka gani a bayan silin gashi ta ƙaru ne tare da ƙaruwar zafin. Santimita 15 bai kai tsawon taƙi guda na babban mutum ba. Irin mai buroshi a baki kuwa ba ta barin wata tazara, domin a cikin gashin take, wani lokaci a kan fatar ma. Idan zafi ya yi tsanani a kan jiƙaƙƙen gashi, ruwan da ke cikin silin yana tafasa ya yi kumfa a ciki, sai gashin ya riƙa guntulewa da zarar an taɓa shi, kuma babu man da zai gyara silin da ya riga ya lalace haka, sai dai a yanke a jira sabo.

Saboda haka abu na farko da za ki duba a shago shi ne maɓallai. Ki nemi wadda take da maɓallin zafi dabam, na ƙarfin iska dabam, kowanne da mataki biyu ko uku, tare da maɓallin iska mai sanyi. Amfanin wannan shi ne za ki iya ƙara iska ba tare da kin ƙara zafi ba, kuma iskar ce ya kamata ta yi yawancin aikin. Mai shago zai fara nuna miki lambar wat da ke jikin kwali, ya ce mai 2200 ta fi mai 1600. Lambar tana nuna yawan wutar da na'urar take ja ne, ba ta nuna taushinta ga gashi. Mai cikar gashi za ta amfana da wat 1800 zuwa 2000 don kada ta daɗe tana busarwa, amma da sharaɗin za ta iya rage zafin. Kalmomin seramik da ayonik da ake rubutawa suna da ɗan amfani, na farko wajen daidaita zafi, na biyu wajen rage tashin gashi, sai dai a ganina ba su kai a biya ninkin kuɗi saboda su ba idan maɓallan ba su cika ba.

Sai bakunan da ake ɗaurawa. Ga gashin da ba a taɓa sa masa man miƙarwa ba, baki mai mataji mai faffaɗan haƙora ya fi dacewa, amma bayan an raba gashin gida huɗu ko shida, an warware cukurkuɗewarsa da yatsu tun yana da danshi, an kuma shafa man kare gashi daga zafi. A fara daga ƙarshen gashi a hau zuwa saiwa. Mai gashi mai laushi da yake nannaɗewa, irin na 'ya'yanmu da yawa da suka haɗa jini da wasu ƙabilu, ta nemi baki mai kama da kwano mai 'yan yatsu a ciki, wanda yake baza iska a hankali. Wadda ta miƙar da gashinta da mai ko ta rina shi, ta sani cewa sinadarin ya riga ya raunana shi, don haka matakin zafi mafi ƙanƙanta ne nata, kuma kada ta haɗa miƙarwa da busarwa mai zafi da guga a rana ɗaya. Wani abin da mata da yawa ba su lura da shi ba shi ne lafta man kaɗanya ko man zaitun kafin a kunna na'ura: mai mai nauyi yana riƙe zafi a kan gashi da fata, gara a bar shi sai an gama.

Akwai masu jin wannan bayani su ce to gara a daina busarwa gaba ɗaya. Ban yarda da haka ba, musamman gare mu da muke wuni da ɗankwali da tarha da abaya. Mace ta yi wanka ruwa ya shiga cikin kitso, ta ɗaure kai ta fita, a Jidda inda iskar teku take cike da laima, sai ƙasan kitson ya wuni bai bushe ba. Danshi da ɗumi da maiƙo su ne abin da ƙwayar da ke haddasa amosani take so, daga nan sai ƙaiƙayi da wari da susa har fata ta yi rauni. Ga mai kitso, a matse ruwan da tawul mai laushi ba tare da gogawa ba, sannan a bi layukan da iska mai ɗumi kaɗan, hannu yana motsi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Makka da Madina da Riyad, inda iska take a bushe, sau da yawa mintuna kaɗan na iska mai sanyi sun wadatar.

Batun wuta ma yana kawo mana masu ƙuna. A 2010 hukumomin Saudiyya suka yanke shawarar mayar da ƙarfin wutar gidaje zuwa volt 230, amma har yanzu akwai tsofaffin gidaje a unguwanni irin su Hindawiyya da Shara Mansur da ake samun soket na 127 da na 220 a gida ɗaya. Ki karanta lambar da ke jikin mariƙin na'urar. Wadda aka kawo daga Amurka mai 120 za ta ƙone nan take idan aka sa ta a 220. Ki nemi mai filogi mai ƙafa uku da alamar ingancin ƙasashen Tekun Fasha, wato harafin G. Na'ura mai wat 2000 tana jan wuta sosai, saboda haka kada a haɗa ta da dutsen guga a wayar ƙari mai araha da muke kira tausila, kada a kunna ta kusa da famfo ko bokitin ruwa, kuma a riƙa cire ƙura da gashin da suke toshe ragar bayanta, domin toshewar ce take sa zafi ya wuce kima.

Yara kuwa fatar kansu ta fi ta manya laushi, kuma kukansu ne kaɗai ma'aunin da muke da shi. Uwa ta sa bayan hannunta tsakanin na'urar da kan yarinya. Idan hannun bai iya jurewa ba, kan ma ba zai iya ba. Idan ƙuna ta auku, a zuba ruwan famfo mai sanyi a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko lalle, kada a fasa bororon. A kai yarinyar asibiti idan fata ta saluɓe ko ƙunar ta taɓa kunne ko fuska. Babbar mace kuma da ta ga gashin tsakiyar kanta yana raguwa, wurin yana sheƙi ko yana zafi idan an taɓa, ta je wurin likitan fata da wuri, domin akwai nau'in zubewar gashi da ya fi kama mata baƙar fata wanda yake barin tabo a saiwa, kuma inda tabo ya riga ya zauna gashi ba ya sake fitowa.