Abin da ya riga ya wuce: waiwaye kan laifi kafin saukar hukunci

Ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta rushe hukuncin jifa da wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini Tungar Tudu bisa tuhumar zina a watan Oktoban 2001. Cikin dalilan da alƙalan suka kafa akwai wanda ya fi tsaya mini a rai, wato abin da ake tuhumar ta da shi ya auku tun kafin dokar hukunta laifuka ta Shari'a ta fara aiki a jihar. Akwai masu ganin wannan dabara ce kawai ta lauyoyin boko, tun da sashe na 36(8) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a kama mutum da abin da ba laifi ba ne a ranar da ya aikata shi. Wasu kuma za su ce ai zina haramun ce tun ba a san za a yi jihar Sakkwato ba. Gaskiyarsu ce, domin kafa doka a majalisa daban, saukar wahayi daban. Sai dai tambayar da ke ƙarƙashin maganar ta girmi kotun, ta girmi kundin. Sahabbai da kansu sun yi ta, kuma cikin tashin hankali suka yi ta.

Anas ɗan Malik ya ba da labarin wata rana a gidan Abu Ɗalha a Madina. Yaro ne a lokacin, shi ke zuba wa manya wata giya da ake yi da dabino. Sai aka ji mai shela a waje yana cewa an haramta giya. Abu Ɗalha ya ce masa ya fita ya zubar, ya zubar, har ta riƙa kwarara a lungunan Madina. Nan take hankalin mutane ya koma kan waɗanda ba sa nan. Akwai waɗanda suka sha giya da safiyar ranar Uhudu, kafin rana ta faɗi suka yi shahada da ita a cikinsu. To, yaya makomarsu? Sai aya ta 93 ta Suratul Ma'ida ta sauka, tana cewa babu laifi a kan waɗanda suka yi imani suka aikata ayyuka na ƙwarai cikin abin da suka ci suka sha.

Irin wannan fargabar aka yi a shekara ta 2 bayan hijira, da aka juya alƙibla daga Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba bayan wata 16 ko 17 ana fuskantar can. Mutane sun mutu suna salla ta wancan ɓangaren, 'yan uwansu suka rasa abin faɗa a kansu, har aya ta 143 ta Baƙara ta tabbatar musu cewa Allah ba zai tozarta imaninsu ba, ma'ana sallolinsu. Mutanen Ƙuba ma labarin bai iske su ba sai suna tsakiyar sallar asuba, fuskokinsu na kallon Sham. Suka juya yadda suke a cikin sahu, suka ƙarasa, ba wanda ya ce su sake. Daga nan malamai suka ciro ƙa'idar cewa hukunci ba ya hawa kan mutum don ya sauka kawai, sai ya iso gare shi.

Kalmar da Alƙur'ani ke maimaitawa ita ce "ma salafa", abin da ya shige. Ta zo a kan auren matar uba da haɗa ya da ƙanwa a Suratun Nisa'i, ta zo a kan farauta cikin harami a Ma'ida, ta zo a kan riba a Baƙara. A maganar ribar ne aka fi ganin inda iyakar take. Wanda ya riga ya karɓa ya ci, an bar masa. Abin da ya rage a hannun masu bashi kuwa an ce a bar shi, a karɓi uwar kuɗi kaɗai. A huɗubar ban kwana, shekara ta 10 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya soke ribar jahiliyya, ya fara da ta baffansa Abbas. Haka Gailan ɗan Salama na ƙabilar Saƙif, wanda ya musulunta da mata 10. Ba a ce zaman da ya yi a baya zina ba ne, ba a taɓa nasabar 'ya'yansa ba, an dai ce ya zaɓi huɗu ya rabu da sauran. Duk almajirin da ya kai babin aure a Risala ta Ibn Abi Zaid ya karanta wannan hukuncin, kuma da shi ake yi wa Bamagujen da ya musulunta da mata fiye da huɗu fatawa. Abin da ya ƙare an yafe, abin da ke ci gaba kuwa doka tana cim masa a inda ta same shi.

Yafiyar ta baya ce, ba ta gaba ba. A zamanin Umar, Ƙudama ɗan Maz'un, sahabi kuma mutumin Badar, ya sha giya yana gwamna a Bahrain, ya kare kansa da wannan aya ta 93. Umar bai karɓi fassarar ba, aka yi masa bulala.

Wannan duk a kan kamawa da laifi ne. Tambayar da ta fi wuya ita ce ko aikin kansa mummuna ne kafin a hana shi, kuma a nan ne malaman tauhidi suka rabu. Mu'utazilawa, waɗanda tushensu ke Basra, suka ce hankali kaɗai yana gane kyawun gaskiya da munin zalunci, don haka mai hankali abin tuhuma ne ko manzo bai zo masa ba. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya taso a cikinsu kafin ya bar su, ya rasu wajen shekara ta 324 bayan hijira, shi da mabiyansa suka ce babu wajibi babu haram sai da shari'a, suka riƙe aya ta 15 ta Suratul Isra'i: ba Mu kasance masu azabtarwa ba sai Mun aiko manzo. Wannan ita ce fahimtar da ta daɗe a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Abu Mansur al-Maturidi na Samarƙand, wanda ya rasu a 333, ya tsaya tsakani, yana ganin hankali ya isa ya wajabta wa mutum sanin Mahaliccinsa.

Ni dai maganar da ta fi kwanta mini ita ce wadda Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka yi: aikin mummuna ne tun kafin manzo, amma azaba ba ta tabbata sai hujja ta tsayu. An ce wa Annabi Musa ya tafi wurin Fir'auna domin ya yi ɗagawa, alhali saƙon bai riga ya kai masa ba. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a gaban Najjashi bai ce da can ba su da aibi ba. Cewa ya yi sun kasance suna cin mushe, suna aikata alfasha, suna yanke zumunci, mai ƙarfi yana cinye mai rauni. Ita ma jaririyar da aka binne da rai, Suratut Takwir ta ce za a tambaye ta da wane laifi aka kashe ta, kuma an binne ta ne tun wahayi bai sauko Makka ba. Ba na jin akwai uban da ya tura ƙasa a kan 'yarsa tana motsi bai ji komai a ƙirjinsa ba.

Ba Musulmi kaɗai suka yi fama da wannan ba. Bulus na Kiristoci ya rubuta wa Romawa cewa zunubi yana duniya tun kafin Shari'ar Musa, sai dai ba a lissafa shi inda babu shari'a. Malaman Yahudawa kuma sun daɗe suna tattauna yadda Yakubu ya auri ya da ƙanwa, abin da Attaura ta hana daga baya, sannan suka yi maganar dokoki bakwai da suka hau kan dukkan zuriyar Nuhu. Aya ta 93 ta Ali Imrana ta taɓo wannan, inda ta ce dukkan abinci halal ne ga Bani Isra'ila kafin a saukar da Attaura, in ban da abin da Isra'ila, wato Yakubu, ya haramta wa kansa.

A fahimtar Musulunci ba a taɓa yin zamanin da babu umarni kwata-kwata ba. An hana Adamu kusantar bishiya tun yana Aljanna, kuma ɗansa da aka kashe ya ambaci zunubi da wuta ga ɗan uwansa kafin ya ɗaga masa hannu. Abin da ake samu shi ne giɓi, lokacin da saƙo ya dushe ko bai kai wani wuri ba. Shi ake kira fatara, kuma Salmanul Farisi ya ce tsakanin Annabi Isa da Annabi Muhammadu (SAW) shekara 600 ce. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin kowannenmu yana da kakanni da suka rayu suka mutu a ƙasar nan kafin kiran salla ya iso garinsu. Ash'arawa da yawa suna ganin irin waɗannan sun tsira. Wasu malaman sun riƙe hadisin Aswad ɗan Sari'u da ke Musnad na Imamu Ahmad, wanda ya ambaci mutum huɗu da za su kawo uzuri ranar alƙiyama: kurma, da mai taɓin hankali, da tsohon da ya ruɗe, da wanda ya mutu a fatara. Na ƙarshen zai ce: ya Ubangiji, babu wani manzonKa da ya zo mini. Hadisin ya ce ba za a kore uzurin ba, a ranar ne za a aiko musu da umarni a jarraba su.